Da Ƙasar Jos Nake Zana Jos

Ni tela ne, kuma har yau da keken ɗinki nake ciyar da iyalina. Ban yi karatun zane a wata makaranta ba, ba ni da shagon sayar da hotuna. Kayan aikina ba su wuce wata tsohuwar jaka ba, da maɗorin allo mai ƙafa uku da wani kafinta a Katako ya haɗa mini. Fiye da shekara goma ke nan, kusan kowace Asabar in na idar da sallar Asuba na karya kumallo, nakan rataya jakar in fita bayan gari, in zauna gaban dutse ko ruwa ko gona, in yi ta fama da launi har rana ta take. Mutane da yawa a unguwarmu sun tambaye ni abin da ya kai ni, wasu cikin tausayi, wasu cikin mamaki. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin titi, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Kuza ce ta kawo mu Jos. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa inda suke samun mafi yawan kuzarsu, sai suka juyo kan Filato. Aka bi ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo mazaje daga garuruwan Arewa domin aikin dole a ramukan kuza. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina. An kawo su daga ƙasar zafi da 'yar taguwa a jiki, aka zuba su a bukkoki a kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma sanyi da yunwa da ciwon haƙarƙari sun ci mutane da yawa a cikinsu. Da aka daina aikin dolen a 1944 wasu suka koma gida, shi bai koma ba. Ya aika aka kawo masa matarsa, ya ci gaba da ɗaukar ƙasa a ka don lada. A barikin kuza aka haifi mahaifiyata, ni kuma a Gangare aka yanke mini cibiya a 1968.

A makarantar allo hannuna ya fara sanin launi. Ni ne mai haɗa wa malam tawada: in kankaro baƙin gindin tukunya, in tace, in dafa shi da ƙaro har ya yi kauri ya kama allo. Da na ɗan tasa, duk wanda zai yi sauka ni ake kawo wa allonsa in yi masa zayyana, ja da rawaya da kore, da alƙalamin kara. Malam yakan ce hannuna yana da natsuwa. Wannan natsuwar ce ta kai ni ɗinki, na ƙware a aikin wuyan riga da aljihu, har na sami rumfa a babbar kasuwar Taminus.

Wanda bai san Jos ta lokacin samartakarmu ba zai yi wuya ya gane abin da muka rasa. Ranar Lahadi mu haɗu, Musulmi da Kirista, mu hau keke har gindin duwatsun Shere, mu hau mu zauna a kan falalen dutse muna kallon garin a ƙarƙashinmu. Mu je Lamingo kallon ruwa, mu je Rayfield, mu je Bukuru. Ba wanda ke tambayar wani daga wace unguwa ya fito. Sai ga rikicin Juma'ar 7 ga Satumban 2001. Ba zan tsaya a kan abin da idona ya gani a kwanakin nan ba. Wata biyar bayan haka, a Fabrairun 2002, kasuwar Taminus ta ƙone da kekunana biyu da kayan mutane da ke hannuna. Aka sake yin wani rikicin a 2008, aka sake a 2010. Garin ya rabu, kowa ya san layin da ba ya tsallakewa ko da ba a shata shi a ƙasa ba. Na mayar da ɗinkina zauren gida. Shekara da shekaru duniyata ba ta wuce gida, masallaci, da inda nake sayen zare ba. Ina hango duwatsun Shere daga ƙofar gidana kullum, amma sun zama mini kamar wata ƙasa mai neman biza.

A 2013 jiri ya ɗebe ni a kan keken ɗinki. Likita ya auna ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da tunani, in riƙa tafiyar ƙafa kowace safiya. Gishiri da sauƙi. Tafiyar ce na rasa inda zan nufa da ita, domin tafiya ba dalili tana ƙara mini tunanin ne kawai. Wata safiya na ga akwatin fentin ruwa na 'yata, irin na 'yan firamare mai gurabe goma sha biyu, a yashe a kan taga. Na jefa shi a aljihu tare da littafin rubutu, na tafi wani dutse da ke bayan unguwarmu.

Kafin in sake fita sai da na je wurin malamina, domin raina bai kwanta ba. Na taso ina jin tsoratarwa a kan masu yin hoto. Malam ya saurare ni, sannan ya kawo mini labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin hotuna yake ci. Ya tsoratar da shi har mutumin ya firgita, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malam ya ce, "Dutse da ruwa da gajimare ayoyin Allah ne. In kallonsu zai sa ka yi tasbihi, je ka." A kan haka nake har yau. Ba na zana mutum, ba na zana dabba, kuma ban taɓa jin ƙunci a wannan iyakar ba. Abin da ke cikin dutse ɗaya ya ishi mutum aikin shekara.

Farkon abin wahala ce zalla. A cikin hunturu na fara, iskar Disamba ta bushe ƙayau, kafin in kai burushi daga wannan gefen sama zuwa wancan launin ya riga ya bushe ya bar zane-zane kamar sawun tsintsiya. Takardar littafi kuwa da ta sha ruwa sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Daga baya na san akwai takarda mai kauri ta auduga, mai nauyin giram 300, wadda ba ta jin ruwa, sai dai daga Legas ko Abuja ake kawo ta kuma kuɗinta ba na tela ba ne. Na koyi jiƙa mai araha in shimfiɗa ta a kan filawud in manne gefunanta, ta bushe a miƙe kamar fatar ganga.

Wurin da na fara samun sakewa shi ne gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. A nan ne ake ajiye da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa. Ta bayansa akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Wuri ne da kowa ke shiga, ba na wata unguwa ba. Wata Asabar ina zaune gaban ganuwar ina shafa baƙi a inuwarta, sai na ji mutum a kaina. Dattijo ne mai furfura da sanda da hular sanyi.

Ya ce, "Sannu da aiki. Me ya sa ka sa baƙi a nan?"

Na ce, "Baba, ai inuwa ce."

Ya ce, "To wa ya gaya maka inuwa baƙa ce? Ajiye burushin."

Ya yagi 'yar farar takarda, ya huda ta da bakin biro, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa inuwar ta cikin hudar. Na leƙa. Wallahi ba baƙi a wurin ko ɗigo. Wani launi ne tsakanin shuɗi da makuba, can ƙasa kusa da gindin ganuwar kuma ya koma ja-ja mai ɗumi. Ya ce gefen da rana ke duka hasken rana yake sha, gefen inuwa kuwa shuɗin sama ne ke haska shi, jan da ke ƙasa kuma jar ƙasar filin ce ke mayar masa da hasken da ta karɓa. Na yi shekara 45 ina zama a inuwa, ina sallah a inuwa, ina ɗinki a inuwa, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na koma gida a ƙafa ina leƙa kowace katanga da kowace bishiya ta 'yar hudar nan. Da dare na kasa barci, kuma karon farko cikin shekaru ba baƙin tunani ne ya hana ni ba.

Dattijon tsohon malamin zane ne a makarantun sakandare, Birom ne, Kirista, a Zariya ya yi karatu. Ni dai Baba Tica nake ce masa, shi kuma Tela yake kirana. Bai taɓa karɓar ko sisina ba. Shi ya hana ni zana daga hoton waya. Ya ce na'ura in ta auna hasken sama sai ta baƙanta inuwa, in ta auna inuwa sai ta wanke sama, ido ne kaɗai ke riƙe duka biyun. Ya koya mini cewa mai zane a fili awa biyu gare shi, bayan nan rana ta matsa, inuwa ta sauya gida, in ka bi ta za ka ɓata aikin. Don haka ka fara kafa inuwoyinka tun da farko ka tsaya a kansu. Ya nuna mini yadda dutse mai nisa yake yin fari-fari da shuɗi-shuɗi saboda iskar da ke tsakaninku, da yadda hazo yake cinye nesa gaba ɗaya ya bar maka abin da ke gabanka kawai. Daga bakinsa na ji cewa a da Turawa ma a ɗaki suke zane, fentinsu a mafitsarar dabba suke ɗaure shi, sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro kwanson matsawa irin na man goge baki, fenti ya shiga jaka aka fita da shi daji. Ya ba ni labarin Monet na Faransa, wanda a 1890 da 1891 ya tsaya a kan tarin damman hatsi na wata gona ya zana su wajen sau 25, da safe, da yamma, cikin sanyi, cikin rana. Na ce ashe ba ni kaɗai nake komawa gaban dutse ɗaya ba.

Daga fentin ruwa na gwada akirilik, wani fenti mai saurin bushewa. Yana da ƙarfin launi, yana rufe kuskure, amma a hunturun Jos kafin ka waiga ya yi fata a kan faranti, in ka manta burushi a waje minti kaɗan ya zama itace. Dabarar da ta cece ni ita ce kwanon roba mai murfi, in shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki, in ɗora takardar gashin kek, in matsa fentin a kai. Kuma yana duhu in ya bushe, sai ka saba da haɗa shi ya ɗan fi abin da kake gani haske. Fentin mai kuwa shi ne sarki wajen laushi, yana ba ka lokaci ka gyara, sai dai lokacin nan da yake ba ka shi yake ba ƙura. Na taɓa ɗauko ɗanyen aiki a keke napep cikin hazo, kafin in iso gida ya sha ƙura kamar an barbaɗa masa gari. Babban rashin da na yi da shi a magangarar ruwan Assop ne, a kan hanyar Akwanga. Man da ake sirka fentin da shi ya ƙare mini, na ce ai mai mai ne, na zuba man gyaɗa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, farin kumfan ruwa a kan baƙin dutse. Wata uku yana danƙo, daga ƙarshe ya zuba. Baba Tica ya ce man linsid, wato wanda ake sirka fentin da shi, yana shan iska ne ya daskare, man gyaɗa kuwa ba ya bushewa har abada. Har yanzu ina jin zafin rashin wannan zanen. Warin kananzir da nake wanke burushi da shi kuma ya dami uwargida da yara, ya riƙa sa mini ciwon kai, sai na rage fentin mai sai jefi-jefi.

Ranar da Baba Tica ya ce in shirya mu je dutsen Riyom, gabana ya faɗi. Rabona da wannan yankin tun kafin 2001. Uwargida ta ce, "Malam, don Allah ka rufa mana asiri, zanen nan bai kai rai ba." Na yi istihara, na tafi. Muka zauna gaban duwatsun nan da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, muka yi aiki har azahar. Ya gyara mini wuri a bayan motar ɗansa na yi sallah, yana zaune yana gadin kayana. Na dawo gida lafiya, kuma wani ƙulli da ya daɗe a ƙirjina ya fara kwancewa.

Hakan ya sa na yi garaje. Bayan 'yan watanni na tafi wani ƙauye ni kaɗai, ban sallama wa kowa ba, na kafa maɗorina a gefen hanya. Abin da ya ja ni shingen kerana ne da ya kewaye wani gida, da gonar acca da ta nuna ta yi ruwan zinariya, da wani rumbu a tsakiya. Na nutsa cikin aiki, ban ankara ba sai na ga matasa sun kewaye ni, sun fi goma, wasu da sanduna. Wani ya ce, "Taswira yake zanawa. Hanyoyin shiga gari yake ɗauka." Hantar cikina ta kaɗa. Na yi ta cewa zane ne kawai, bakina yana rawa, ba mai saurarona. Ban ga laifinsu ba a lokacin, ban gani ba yanzu. Sun binne nasu kamar yadda muka binne namu, ga baƙo da hula da takarda yana kallon gidajensu yana rubutu.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga gona da fartanya a kafaɗa. Ta ratsa su, ta karɓi allon, ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Ta ce da Hausa, "Wannan rumbuna ne." Ta sake dubawa, ta ce, "Amma ɗana, ka tsayar da shi sak. Ai ya karkace tun damunar bara. Duba da kyau." Na duba, gaskiyarta ne, ya jingina hagu. Ta miƙo mini allon ta ce in gyara. A gabansu duka, hannuna yana kakkarwa, na jiƙa burushi na ɗauke gefen rumbun na karkatar da shi. Wani daga cikin matasan ya matso ya ce, "E, yanzu ya zama shi." Aka kai ni wurin mai unguwa, na kira Baba Tica ya yi magana da shi da yarensu, aka ba ni ruwa. Na bar wa tsohuwar zanen, ta ɗaure mini mudun acca a leda. Tun daga ranar ba na kafa maɗori a ko'ina sai na fara gaida mai unguwa, na buɗe jakata an ga abin da ke ciki, na nuna tsofaffin ayyukana. Ƙauyen nan kuwa na koma ya fi sau ashirin.

Tsohuwar ce ma ta buɗe mini ƙofar abin da nake yi yanzu. Da darajar naira ta faɗi a 2016 kuɗin fenti ya fi ƙarfina, na kai kuka wurin Baba Tica. Ya ɗauko wani kwanso mai ruwan ƙasa ya ce in karanta sunan. Ya ce Siena gari ne a Italiya, abin da ke ciki ƙasar irin ta garin ce aka gasa aka niƙa, rawayan da nake saya da tsada shi ma ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe. Abin da ke riƙe fentin ruwa a takarda kuma ƙaro ne, wanda ake kwasa daga Borno da Yobe da Jigawa da Sudan a kai Turai. Na yi shiru. Ƙaron da na dafa tawada da shi ina ɗan shekara tara. Da na ba tsohuwar labari sai ta kai ni wani gefen rafi inda matan garin ke ɗibar jar ƙasar shafe ɗaki, ta nuna mini wata rawaya a ƙarƙashinta.

Ga yadda nake yi. In shanya ƙasar ta bushe, in daka ta a turmin da na keɓe mata, in tankaɗe. In zuba a bokiti da ruwa in dama sosai, in jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, sai in tsiyaye ruwan mai gurɓi a wani bokitin in bar shi ya kwana. Da safe ruwa ya yi garau a sama, a ƙasa kuma ga laka mai laushi kamar kamu. Ita nake shanyawa, in niƙa ta a jiƙe a kan tayil da gindin kofin gilashi har in daina jin ƙaras-ƙaras. Ƙaro kashi ɗaya, ruwan zafi kashi biyu, in tace, in sa ɗan zuma don kada fentin ya tsage in ya bushe, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. In cuɗa, in zuba a murafun kwalba. Rawayar ƙasa in ka soya ta a tsohon kasko a kan garwashi, a gaban idonka take juyewa ta koma ja. Ranar da na fara ganin haka sai da na kira yara duka suka zo suka gani. Farar ƙasa ina samo ta ta wajen Barkin Ladi. Yanzu ina da launin ƙasa goma sha huɗu, kowanne na rubuta masa sunan inda na ɗebo shi.

Wani malamin jami'a mai nazarin duwatsu da nake yi wa ɗinki ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, kuma ina isar da shi ga duk mai son gwadawa: baƙin yashin da ake bari bayan an wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, kada a kai shi gida, kada a niƙa shi. Ko ƙasa mai kyau ma ina ɗaure hanci in zan daka ta. Bakin tafkunan kuza kuma yana zaftarewa, ruwansu yana da zurfin da ba a gani.

Tsirrai sun yaudare ni da kyau. Zoɓo ya ba ni wani ja da ban taɓa gani a kwanso ba, in na ɗiga masa ruwan kanwa ya koma kore-kore. Na zana faɗuwar rana da shi a Lamingo, bayan 'yan watanni ya koma ruwan toka. Kurkum ma haka, rana tana shanye shi. Yanzu duk sabon launi sai na shafa shi a takarda, na rufe rabi da kwali, na manna a taga wata uku kafin in yarda da shi. Ƙasa ba ta taɓa faɗuwa wannan jarrabawar ba. Wanda ya tsaya a cikin tsirrai shi ne bagaruwa: in ka jiƙa ta ka haɗa da ruwan tsatsar ƙusa sai ta ba da baƙi mai laushi, dabarar da na gani a wurin dukawan Naraguta. Shuɗi ne ƙasa ta hana ni. Sai na koma ga bular wanki, in wanke ta in haɗa da ƙaro, ita ce samaniyata. In na gauraya ta da rawayar ƙasa tana ba ni koren ciyawar kaka. Koren watan Agusta kuwa, lokacin da duk Filato ke sheƙi bayan ruwa, har yanzu sai na saya.

A 2022 na zauna da Inna, mahaifiyata, na yi ta tambayarta inda barikinsu yake. Ba ta son maganar, amma ta kwatanta mini: tsakanin Bukuru da Barkin Ladi, kusa da wani dutse mai tsagewa biyu. Ni da ɗan Baba Tica muka yi Asabar biyu muna nema, dattawan wurin suka kai mu. Ba bukka ko ɗaya. Sai wani tafki shiru mai ruwa kore, kewaye da tuddan ƙasar da aka tono, fari da rawaya da ja da wani makuba-makuba, ruwan sama ya zaizaye su ya yi musu tsaga-tsaga. Na tsaya ina kallon tuddan nan, sai ya faɗo mini cewa yawancin ƙasar nan a kan mutane ta hau, kwano bayan kwano. Wani kwanon kakana ne ya juye shi. Na nemi izini na ɗebi kowane launi a leda, na koma gida na wanke na niƙa, na dawo na zauna Asabar uku a jere, daga ƙarfe bakwai zuwa tara, na zana wurin da ƙasarsa.

Na kai wa Inna. Idonta ya yi rauni, ta kai shi dab da fuska, ta bi jan tudun da yatsa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Wannan jan ne ba ya fita daga rigar Baba. In wanke, in wanke, yana nan." Daren nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba a shekara 54: yadda mahaifiyarta ma ta ɗauki kwano da goyo a baya, da wata maƙwabciyarsu 'yar ƙasar da ta riƙa kawo musu acca a shekarar da abinci ya yi wuya, da ƙaninta da ƙyanda ta kashe aka binne shi a gindin dutsen nan mai tsagewa biyu. Ban san ina da wannan kawun ba. Dutsen yana cikin zanen, can gefen dama, na sa shi ne kawai don ya daidaita aikin. Ta sa na rataye shi a ɗakinta, ta inda take gani daga kan gado.

Magani ina sha har yanzu, amma likita ya rage mini ƙwaya ɗaya. Ƙafafun Baba Tica sun gaza, ba ya fita. Duk ƙarshen wata nakan naɗe abin da na yi in hau mota in tsallaka gari zuwa unguwarsu, jikokinsa su tare ni a bakin layi su karɓi jakar. Da na kai masa zanen tafkin kafin in miƙa wa Inna, ya sa tabarau ya duba ya ce ƙasar ta yi, ruwan ya yi, amma tudun da ke can nesa ya yi nauyi, na zana abin da na sani ne ba abin da na gani ba. Ya ce in koma in hazo ya fara sauka. Na koma sau biyu ban samu yadda yake nufi ba. Bana na riga na niƙa farar ƙasa da bula na ajiye, na kuma aika wa mai unguwar wurin cewa ina tafe Asabar ta biyu a watan Nuwamba, in Allah ya kai mu.